Na ƙwace wayar 'yata, yanzu gidan ya rabu biyu

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, wallahi tun jiya ban samu barcin kirki ba. 'Yata shekararta 14, babanta ne ya saya mata waya bara saboda aikin makaranta da ake turo musu, jiya da daddare an ɗauke wuta na shiga ɗakinsu wajen ƙarfe ɗaya na ga haske a ƙarƙashin bargo. Na karɓa na duba, gurup uku na tarar na littattafan Hausa, ɗaya mutum sun fi ɗari takwas a ciki, kuma abin da na karanta a shafi biyu kacal ni da nake uwar 'ya'ya huɗu sai da na ji kunya. Ga TikTok ta buɗe ta sa shekarar haihuwar ƙarya. Na ƙwace wayar na kulle a durowa. Yanzu babanta yana cewa na yi daidai, yayanta da ke jami'a yana cewa wai na tauye mata 'yanci, ita kuma ko abinci ta ƙi ci. Ya zan yi?

Hajiya Talatu: Wa alaikumussalam. Wane 'yanci kuma? Yarinyar da ko wankin kayanta sai an tsaya a kanta? Kin yi daidai 'yar nan, ki bar wayar a inda take. Yunwa ce za ta fito da ita.

Baban Sadiq Kawo: Ni dai na sha faɗa a nan, gwamnati ta rufe TikTok ɗin nan kowa ya huta. Indiya ta rufe shi tun 2020 kuma ba su mutu ba. Ostareliya ma ta yi doka a 2024 cewa duk yaron da bai kai 16 ba babu shi babu soshiyal midiya, su da suke turawa kenan, mu da muke da addini da al'ada mun zuba ido yara na lalacewa a gabanmu.

Malam Idi: Baban Sadiq ka yi haƙuri, amma duk ranar da na ji wani ya ce gwamnati ta rufe sai gabana ya faɗi. Ni mutumin Birnin Gwari ne, aiki ne ya zaunar da ni Rigasa. Ƙarshen Satumba 2021 aka katse sabis a yankinmu da Giwa da wasu sassan Igabi da Chikun saboda 'yan bindiga, kusan wata biyu. Mahaifiyata na can ba ta da lafiya, ba na iya kiranta, kuɗi ma sai dai in nemi direba in damƙa masa a hannu don masu POS duk sun tsaya, labarin rasuwar ƙanin babanmu sai bayan kwana uku ya iso ni an riga an yi sadakar uku. Na san an yi ne don tsaro, ban ce da mugun nufi aka yi ba, amma wanda bai ɗanɗana ba shi ne yake kiran rufewa da sauƙi.

Baban Sadiq Kawo: Allah ya jiƙansa Malam. Amma ai ba sabis na ce a katse ba, manhaja ɗaya na ce.

Zainab A.: Baba ai an taɓa yi. Yuni 2021 aka rufe Twitter bayan sun goge rubutun Buhari, sai Janairu 2022 aka buɗe, wata bakwai. Kuma wallahi a lokacin ne ƙannenmu suka koyi VPN, wato manhajar da ake bi a shiga abin da aka rufe a intanet, wanda da can ba su san shi ba. Masu sayar da atamfa da turare da ke samun kwastoma a can su ne suka ji jiki, masu zagi kuwa ko kwana ɗaya ba su huta ba.

Barista Nura: Gaskiyar Zainab ce, kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2022 cewa rufewar ta saɓa doka. Bari in ɗan yi bayani don ana haɗa abu biyu a nan. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin baki da karɓar bayanai, sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita shi da doka saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Wannan magana ce tsakanin ɗan ƙasa da hukuma. Uwa ta karɓe wayar 'yarta mai shekara 14 ba ta shiga nan ba ko kaɗan, Maman Hanifa ki gaya wa ɗanki ya koma ya sake karatu. Amma Baban Sadiq, makullin da kake son a miƙa wa gwamnati yau don TikTok, gobe ba kai za a tambaya ba kafin a kulle wani abu da shi.

Baban Sadiq Kawo: To Barista sai a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama kenan? Mu 'yan Kaduna ne fa. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2002, mun ga na 2011. Ka tuna Oktoba 2018 bayan rikicin Kasuwan Magani, jita-jita ce ta riƙa yawo a waya, kafin la'asar gari ya kama da wuta aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ni a Ahmadu Bello Way abin ya ritsa da ni, da ƙafa na isa Kawo. Mutum ɗaya zai zauna a ɗakinsa ya ɗauko hoton gawarwaki na wata ƙasa ya ce Sabon Tasha ne ko Rigasa, a kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, sannan a ce min 'yanci?

Barista Nura: A'a, wannan laifi ne kuma akwai dokarsa, ni ma ina goyon bayan a kama irinsu. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, hukuncin ya kai ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai ko duka biyun. Matsalar ita ce yadda aka fara rubuta sashen, an sa kalmomi irin su ɓata rai da cin mutunci, to wa zai auna ɓacin rai? Sai ya zama duk mai muƙamin da aka soka ya ce ransa ya ɓaci a je a ɗauko yaro ko ɗan jarida. A 2024 aka yi masa gyara aka rage faɗinsa, ya koma kan batsa da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don ta da fitina ko barazana ga rai. Amma har yanzu za ka ji an ɗauke wani an ce sashe na 24. Wanda ya haɗa hoton ƙarya don a yi rikici sau nawa ka ji an gurfanar da shi, wanda ya ce titin unguwarsu ya lalace kuma sau nawa? Nan ne ciwon yake.

Malam Idi: Kuma kar mu manta da Dadiyata. Agusta 2019 aka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Barnawa, cikin garin nan, har yau shiru. Ban ce ga wanda ya yi ba, amma kowa ya san shi da rubutu a intanet aka san shi, kuma tun daga lokacin mutane da yawa suka koyi yin shiru. Yana da mata da 'ya'ya. Allah ya bayyana shi.

Hajiya Talatu: Amin ya Allah. Amma kun bar baiwar Allah da tambayarta kun tafi siyasa.

Ummu Khairat: Ni kam tun da Maman Hanifa ta ce gurup ɗin littattafai jikina ya yi sanyi, don na san irinsu sarai, ni marubuciya ce shekara takwas kenan. Bari in gaya muku yadda abin yake don mutane ba su sani ba. Littafi ɗaya sai in yi wata huɗu ina rubuta shi, da babban yatsa a waya, bayan na sallami yara na gama aikin gida, wani lokaci har biyun dare ga kuɗin data ga kuɗin caji in babu wuta. Sai in saki shafukan farko kyauta, wadda ta ji daɗi ta biya naira ɗari biyar in sa ta a gurup ɗin kuɗi. Wallahi tallahi kafin in tashi da asuba shafin da na saki da daddare ya zaga gurup goma, mace ɗaya ce za ta biya ta kwafe ta watsa, wata ma ta goge sunana ta sa nata, wata ta haɗa shi dokumen ta sayar ɗari biyu. Kuma waɗannan gurup ɗin na sata su ne ba su da ƙofa, ba a tambayar shekara, ba a tantance komai, littafin tarbiyya da na batsa duk a kwano ɗaya ake zubawa. Ni a gurup ɗina na san kowace mace da ke ciki, in na ji muryar yarinya ce ba na karɓar kuɗinta. Su kuwa ina ruwansu, yawan mutane suke nema don su samu masu ba su talla.

Zainab A.: Anti Ummu amma tsakani da Allah wasu marubutan ma su ne ke rubuta batsar, ba ɓarayin ne suka ƙirƙira ba.

Ummu Khairat: Ban musa ba ƙanwata, akwai su kuma sun ɓata mana suna, har ta kai in ka ce kai marubucin onlayin ne sai a yi maka wani kallo. Muna faɗa da su a ƙungiyoyinmu kullum. Amma ko mai rubuta batsar tana rubutawa a kai cewa na matan aure ne kuma sai an biya, ɓarauniya ce take ɗauko shi ta ajiye a gaban 'yar shekara 14 kyauta. Ban wanke ta farkon ba, amma ta biyun laifinta biyu ne.

Abin da ya fi ƙona min rai bara ne, wata ƙawata ta turo min ta ce ina taya ki murna, na buɗe na ga wata tasha a YouTube ana karanta littafina da murya, kashi talatin da wani abu, dubban mutane sun saurara, ga talla na wucewa a kai. Ko sallama ba a yi min ba. Na yi wa mai tashar magana cikin mutunci ya ce ai tallata ni yake yi in gode masa. Na yi kuka ranar, ba don kuɗin ba kaɗai.

Barista Nura: Hajiya Ummu kina da haƙƙi cikakke. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi abin da ke intanet. Ba sai kin yi rajista ba, daga ranar da kika rubuta ya zama naki, kuma kariyar tana nan tsawon rayuwarki da shekara 70 bayan rai ya yi halinsa, wato har jikokinki. Dokar ta ba ki dama ki rubuta wa kamfanin da abin ke kansa ki ce a sauke. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, shari'ar kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yinta. Amma mafi sauri shi ne YouTube ɗin kansa, akwai fom na ƙorafi, in suka tabbatar za su sauke bidiyon su ba tashar gargaɗi, gargaɗi uku cikin kwana 90 an rufe tashar gaba ɗaya. Ki ajiye shaidar ranar da kika fara sakin kowane shafi.

Ummu Khairat: Na gode Barista, na YouTube ɗin zan gwada. WhatsApp fa? Can ne ɓarnar take.

Barista Nura: Can kam da wuya, don saƙonnin a rufe suke, kamfanin da kansa ba ya ganin abin da ake turawa. Sai dai a kai ƙorafin gurup ɗin ko a gano admin a aika masa takardar lauya. Na ga inda takarda ɗaya ta wadatar.

Auwal Mai Waya: Ni fa ina jinku ina shiru ne don maganar ta taɓa ni. Kun san shagona a Tudun Wada, kafin in koma gyaran waya turi nake yi, fim da waƙa a memori, shekara shida ina ci da iyalina da shi. Muna ji muna gani kasuwar faifan CD ta mutu, masu shirya fim na kuka da mu, yanzu duk sun koma dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin. A lokacin ban ɗauke shi sata ba wallahi, gani nake sana'a ce kowa na yi. Amma Anti Ummu ki duba ɗaya gefen, yarinya a Hayin Rigasa da ko kuɗin makaranta da ƙyar, ina za ta samu ɗari biyar duk littafi? Ba ɗakin karatu a unguwa, ba komai. In ba a turo mata ba ba za ta taɓa karanta Hausa ba.

Ummu Khairat: Malam Auwal in talauci hujja ne to ni ma in zo shagonka in ɗauki caja in tafi in ce ba ni da kuɗi. Littafi biyu na rubuta kyauta daga farko har ƙarshe saboda irin waɗannan yaran, kuma duk wadda ta yi min magana ta ce ba ta da hali ina sa ta ba ko sisi, Allah ne shaida. Ni ce zan bayar, ba wata ce za ta yi kyauta da guminna ba.

Auwal Mai Waya: Haka ne. Ban da ta cewa a nan.

Malam Idi: Kuma malamai sun yi magana a kai, haƙƙin wani ne, ko ba kotu akwai ranar da za a tsaya.

Baban Sadiq Kawo: To kun gani, Barista da ke cewa kar gwamnati ta sa hannu shi ne yanzu yake cewa a kai ƙara a sauke bidiyo. Ashe dai ana rufe baki in an ga dama.

Barista Nura: Ba ɗaya ba ne Alhaji. Wancan mai tashar ba ra'ayinsa aka hana shi faɗa ba, kayan wata ya ɗauka yana sayarwa. In ya karanta littafin ya fito ya ce bai yi daɗi ba, ya kawo dalilansa har ya ɗan yanko wani wuri ya nuna, wannan sharhi ne doka ta ba shi dama, kuma ni zan kare shi ko da Hajiya Ummu ce ta kai shi ƙara. Amma na yarda da kai a abu ɗaya, ana amfani da ƙorafin haƙƙin mallaka na ƙarya a sauke bidiyon wanda ya yi suka, yana faruwa, shi ya sa aka ba wanda aka sauke wa damar ya mayar da martani.

Hajiya Talatu: Ikon Allah. Maman Hanifa kina nan kuwa?

Maman Hanifa: Ina nan Hajiya, ina karantawa duka. Auwal don Allah kai da ka san waya, akwai abin da zan sa mata in na mayar? Don babanta ya ce ba za a hana ta har abada ba, jarabawa na tafe.

Auwal Mai Waya: Akwai Anti. In Android ce akwai Family Link na Google, kyauta ne, a wayarki za a sa a haɗa da tata. Ke za ki sa awa nawa za ta yi a rana, ki sa ƙarfe tara na dare ta kulle kanta sai safe, kuma ba za ta sauke wata manhaja ba sai kin amince daga wayarki. In iPhone ce Screen Time yana ciki. TikTok ma yana da Family Pairing, duk da ni a ganina a goge shi kawai tunda da shekarun ƙarya ta buɗe, ƙa'idarsu 13 ne amma yara suna sa 20 don a buɗe musu komai. A WhatsApp kuma a shiga saitin a gyara wanda zai iya sa ta a gurup ya zama sai wanda ke cikin lambobinta. Amma in gaya miki gaskiya kar ki ce na rufe ki, duk wannan ba zai nuna miki abin da take karantawa a cikin WhatsApp ba, kuma Xender ko data ba ya buƙata, a islamiyya ko a gidan biki minti biyu ƙawarta ta tura mata littafi hamsin. Yaran da ake kawo min wayarsu sun fi iyayensu sanin waya nesa ba kusa ba.

Zainab A.: Anti zan faɗi wani abu don ni ban daɗe da wuce shekarun nan ba. Lokacin ina aji uku Mama ta ƙwace min waya wata shida, wallahi ban daina komai ba, wayar ƙawata nake karɓa a makaranta, abin da ya canza kawai na daina gaya wa Mama komai. Har wani babban mutum ya riƙa turo min saƙon banza na rasa wanda zan gaya wa don ina tsoron a ce ai ga shi nan dama. Yayata ce ta lura ta zaunar da ni ba zagi ba duka. Ki ƙwace ɗin ba laifi, amma don Allah ki shiga ɗakin ki zauna da ita, ki tambaye ta wa ya sa ta a gurup ɗin, akwai wanda ke mata magana ta gefe? A irin gurup ɗin nan akwai maza da ke shiga da sunan mata suna kwashe lambobi.

Maman Hanifa: Innalillahi. Wannan ko a raina ban kawo ba. Bari in je.

Hajiya Talatu: Je ki 'yar nan, ki tafi da abincin a hannunki.

Baban Sadiq Kawo: Allah ya shirya mana. Ni dai har yanzu ina kan bakata, uwa ɗaya ba za ta iya da kamfanin da ya fi ƙasarmu kuɗi ba, dole hukuma ta tilasta musu tantance shekaru ko da ba a rufe ba.

Malam Idi: Wannan kam zan iya binka a kai, in dai tantancewa ce ba katsewa ba.

Maman Hanifa: Na dawo. Mun fi awa ɗaya, ta yi kuka na yi. Alhamdulillah ba wanda take hira da shi, amma lambobi biyu sun taɓa yi mata sallama ta yi bulokin ɗinsu, na gani da idona. Sai dai abin da ta faɗa min ya tsaya min a wuya. Na ce wa ya koya miki karatun nan, ta ce Mama a wayarki na fara, tun ina aji ɗaya in kin ba ni in yi wa Hanif wasa. Kuma gaskiya ta faɗa, ina cikin gurup biyu da ake turo littattafai, ban taɓa biyan ko naira ba, ban taɓa tambayar daga ina suke fitowa ba, a can ta ga link ɗin ɗayan ta shiga. Yanzu a gabanta na fita daga duka biyun. Ummu Khairat na duba dokumen ɗin da ke wayata na ga biyu da sunanki a kai, na karanta su tun bara har na tura wa ƙannena. Ki yafe min don girman Allah, ki turo min lambar asusunki ta gefe.

Ummu Khairat: Allah sarki Maman Hanifa, na yafe duniya da lahira. Ki bar kuɗin, ki saya wa Hanifa littafin rubutu da biro, yarinyar da ke raba dare tana karatu wataƙila akwai labari a kanta ita ma. In kin amince zan turo mata guda biyun nan na kyauta, ki fara karantawa kafin ki ba ta.

Maman Hanifa: Na amince, amma kuɗin sai na tura, har na ƙannen nawa uku. Auwal gobe Asabar kana shago? Zan zo da ita da wayoyin biyu, ina so a sa abin a gabanta ta ga komai, ba a ɓoye ba.

Auwal Mai Waya: Ina nan Anti, ku zo bayan azahar kafin cunkoso, ki taho da fasawod ɗin imel ɗinki in kina tunawa, in kin manta ma za mu buɗe sabo.